Shagon Guga na Ƙarƙashin Bene

Duk layin ba mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Baba Dawo-Gobe ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ko da rigarka na rataye a bayansa, an wanke an goge tana ɗaukar ido, in ka zo karɓa sai ya dube ta, ya dube ka, ya ce, "Ka dawo gobe, ba ta gama shan iska ba." Da farko sunan yana ɓata masa rai. Da tafiya ta yi nisa har matarsa ta koma kiransa da shi in tana jin tsokana, sai ya gaji ya sallama.

Shagon nasa ba na a zo a gani ba ne. Wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa biyu, wanda magini ya rasa yadda zai yi da shi ya sa masa ƙofa. A bakin ƙofar mutum zai tsaya a miƙe, amma in ya ƙara gaba kaɗan dole ya sunkuya, don rufin bin matakalar yake yana gangarowa. Tebur ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa tsohon bargo da wani farin zani da ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Dutsen guga biyu gare shi, na lantarki da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Wanki kuwa a bayan benen yake yi, gefen famfo, da manyan baho da igiyoyin shanya da ya ja daga ƙarfen taga zuwa katanga.

Ba da wannan sana'a ya taso ba. Yana saurayi direban babbar mota ya so zama, har ya fara bin mota, sai aka gano idonsa na hagu ba ya gani sosai. Wani kawunsa ya sama masa aiki a ɗakin wankin wani otal, wai ya riƙe kafin a sami wanda ya fi. Yana wannan aiki ya yi aure, yana nan aka haifa masa namiji da mace, yana nan furfura ta fara tsiro masa. Da otal ɗin ya canja hannu, sababbin masu shi suka kawo injuna, aka tara su aka yi musu godiya aka sallame su. Da ɗan abin sallamar ya kama lungun nan. Wanda duk ya gan shi a hanya zai gane aikinsa ko ba a faɗa masa ba: kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka, tafin hannu ya tsattsage saboda sabulu, ga tabon ƙuna jere a damtse. Ko a fili yake tafiya a ɗan sunkuye yake, kamar har yanzu matakalar na bisa kansa.

Shekarun farko sun yi daɗi. Safiyar Litinin layin nan kaf da karin gugarsa ake fita, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon aikinsa na wucewa a jikin mutane. Sai aka buɗe wani katafaren gidan wanki a bakin babban titi, mai gilasai da injuna da ƙamshi, har da motar kai wa mutum kaya gida. Ba wanda ya yi faɗa da Baba. Raguwa kawai mutane suka riƙa yi, yau wannan gobe wancan. Malamar makarantar da ke hawa na farko, wadda tun tana amarya yake goge wa mijinta riguna, ta koma saukowa da jakar wankinta a hannun da ya fi nisa da ƙofarsa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malama. A dawo lafiya."

Yana ganin jakar, ita ma ta san ya gani. Mijinta akawu ne a wani kamfani, shi gaisuwarsa ma ta ɗaga hannu ce.

Abin da ya rage masa kayan makarantar yara ne, da na tsofaffin da suka saba da shi, da na wasu gwagware masu haya a ɗaki ɗaya. Ɗansa ya tafi neman na kansa wata ƙasa mai nisa, yana kira jefi-jefi. 'Yarsa tana aure can ɗaya ƙarshen gari. Ya rage daga shi sai matarsa, wadda kowa ke kira Inna, mace mai ciwon gwiwa da kaifin harshe, a ɗakuna biyu na haya a bayan layin.

A haka annobar nan da ta game duniya ta same shi. Aka rufe makarantu, aka rufe ofisoshi, aka gindaya ganguna da katako a inda layin ke fita babban titi. Ba shiga ba fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili. An dai yarda ƙananan shagunan cikin unguwa su buɗe daga safe zuwa tsakar rana, kowa da takunkumi a fuska.

Baba bai fasa buɗewa ba. Zai share gaban shago, ya kakkaɓe bargon tebur, ya jawo kujera ya zauna. To amma wa zai goge riga don ya zauna a falo? Yara ba makaranta. Gwagwaren ma sun koma yini da gajeren wando. Layin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar babura, yanzu har ɗigar famfon bayan bene ana ji daga bakin ƙofa.

Shagon da ke manne da nasa na wani mai aski ne, magidanci mai tulin yara, wanda bakinsa ba ya hutawa ko almakashinsa ya huta. Shi ma kujerarsa yake fito da ita, su zauna nesa da juna kamar masu gaba.

"Baba, yau ma ko ƙuda?"

"Ƙudan ma doka yake bi."

Su yi 'yar dariya, kowa ya koma ya yi tagumi. In rana ta take sai ya ja ƙofa ya koma gida, Inna ta dubi hannunsa ta dubi fuskarsa.

"Ni dai na rasa abin da kake zuwa yi, Malam. Wa kake buɗe wa?"

"In na zauna a gida ke za ki fara korata."

"Wannan gaskiya ne," in ji ta, ta tura masa abincinsa, wanda kullum raguwa yake a kwano.

Ana cikin haka wata safiya mai aski ya iso da sauri yana nuna masa fuskar wayarsa daga nesa, ko da yake ya san Baba ba zai iya karantawa daga can ba. Wai 'yan layin suna da zaure a waya inda suke hira, kuma Malama ta yi dogon jawabi a ciki. Ta ce tunda Allah ya tsare kowa a gida, to a daina kiran manyan kantuna suna kawo kaya har bakin shinge, a sayi abin da za a saya a hannun 'yan layi. Ta ambaci mai kanti da mai burodi da mai gyaran takalma, ta ambaci mai aski, ta ce kada a manta da Baba na ƙarƙashin bene.

"Da wane sunan ta kira ni?"

"Baba kawai ta ce."

"To da sauƙi."

Bai ɗauki maganar da muhimmanci ba, don ya san halin mutane da zancen baki. Amma kafin ya gama shara sai ga Malama ta sauko da jaka cike, ta dire masa a kan tebur ba tare da ta dubi idonsa ba. Bayanta matar mai kemis ta aiko da nata. Wani injiniya da bai taɓa sanin yana zaune a layin ba ya kawo kwat da wanduna. Kafin mako ya zagayo igiyoyin bayan bene sun cika, har ya ƙara wata.

Ya yi aiki kamar an mayar masa da ƙuruciya. Ya jiƙa, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sa sitaci inda ake so, ya fitar da kari mai kaifi a hannun riga. Wutar lantarki na yawan ɗaukewa a lokacin, sai ya hura gawayi, lungun ya ɗauki zafi, gumi na ɗiga daga haɓarsa yana kaucewa kada ya sauka a kayan mutane. In ya koma gida Inna ta shafa masa man zafi a kafaɗa tana mita, amma mitar ta daɗi ce. Kwano ya koma cika. Mai aski ma ya sami kawuna, yana yi musu ɗaya bayan ɗaya a waje.

Ba rana ɗaya ya gane ba. Hancinsa ne ya fara gaya masa. Mai wanki ya saba da warin jikin mutane, ko bai so ba, yana buɗe ƙulli yake jin na wane ne. To waɗannan kaya ba sa warin komai sai sabulunsa. Ya riƙa juya wuyan riga yana neman baƙin layin nan da gumi ke bari, bai gani ba. Ya duba hammata, ya duba bakin aljihu, fes. Ranar da Malama ta sake kawo rigunan akawu, ya ɗaga wata mai ruwan sararin sama ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. An cukuikuye ta, an yamutsa ta da gangan kamar an yi kokawa da ita, amma karin da ya fitar a hannunta yana nan daram, maɓallin sama ma a rufe yake yadda ya rufe shi.

Ya fito ya ɗaga kai sama. Akawu na zaune a baranda da singileti, wadda Baba ya tuna kullum ita yake gani a jikinsa tun da aka rufe gari, yana danna waya yana hamma. Da suka haɗa ido ya ɗaga masa hannu. Baba ya ɗaga nasa, ya koma ciki ya zauna a kan bokiti, rigar na kan cinyarsa.

Da ya gaya wa Inna, ko a jikinta.

"To sai me? Sun ce ka ba su kyauta ne?"

"Ba ki gane ba. Ba wanki suke kawo mini ba, sadaka suke ba ni a naɗe cikin riga."

"Kai ka roƙe su?"

"Ban roƙa ba."

"To ka wanke ka yi shiru. Mutane sun rufa maka asiri, kai kana bin hammatarsu da hanci. Da can da suke wuce ka da jaka ka yi ta ƙorafi, yanzu sun kawo ka ce bai yi datti ba. Malam, me kake so a yi maka?"

Shi ma bai sani ba. Ya ci abincin nan yana jinsa kamar ƙasa a baki.

Washegari ya kai ƙara wajen mai aski, yana tsammanin shi zai taya shi jin haushi. Mai aski ya ƙyalƙyale da dariya har takunkuminsa ya zame.

"Sai yanzu ka gane, Baba? Ni injiniyan nan da na yi wa ƙwal-kwabo shekaranjiya, jiya ya dawo wai in gyara masa. Me zan gyara? Na kunna inji na yi ta zagaya kansa ina hira, na kakkaɓe masa wuya, ya yi godiya ya tafi. Kai ma ka yayyafa musu ruwa ka bi da dutse ka ninke. Wa zai sani?"

Baba ya gwada hakan sau ɗaya. Ya shimfiɗa wando a tebur, ya yayyafa ruwa, ya ɗauki dutse, sai hannunsa ya ƙi. Ya ajiye, ya kwashi kayan duka ya kai bayan bene ya jiƙa. Haka ya ci gaba da wanke kayan da ba su yi datti ba, yana zubar da ruwan wanki garau kamar yadda ya tare shi a famfo. Aikin bai kai na da wuya ba, amma gajiyar ta ninka. Da, in ya ga baƙin ruwa na gangarawa kwata, yakan ji ya yi wani abu a duniya. Yanzu yana tashi da safe jiki a mace, ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya nemi takalmi. Ya daina tsayawa hira. In mai kaya ya zo karɓa sai ya miƙa masa kawai, ko tsokanar da aka san shi da ita babu.

Malama ce ta lura. Wata safiya ta sauko da jaka, ta ajiye, har ta juya sai ta tsaya.

"Baba, lafiya kuwa? Kwana biyu na ga ka yi sanyi."

Ya so ya ce lafiya lau. Sai ya ji bakinsa na cewa, "Malama, zauna a matakalar nan, magana zan yi."

Ta zauna. Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi, ɗankwalin kanta a karkace.

"Rigunan nan ba a sa su ba," ya ce. "Na san kin sani, ni ma na sani. Ban ce kin yi laifi ba, Allah ya saka da alheri. Amma ni tun ina saurayi datti nake wankewa. Wannan da nake yi yanzu ban san sunansa ba, kuma yana cina."

Ba ta musa ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ajiyar zuciya kawai ta yi.

"Baba, ni ma ban san abin da nake yi ba. Tun safe ina kan waya ina koyar da yaran da ba na gani, rabinsu ma ban san ko suna ji ba. Mahaifiyata na kwance ba lafiya a wata unguwa, an hana ni zuwa. Maigidan an rage musu albashi, ya zauna ya zuba mini ido, ko magana ba ya son yi. Yamutsa rigunan nan shi ne kaɗai aikin da yake yi mini da hannunsa, har daɗi yake ji. Na duba duk abin da ya lalace, na ga ba wanda zan iya gyarawa, sai na ce to bari in ga ko shagunan layinmu za su kai labari. Shekara nawa ina wuce ka da jaka? In an buɗe gari na sauko na tarar da kwaɗo a ƙofar nan, da wane ido zan bi matakalar?"

Can sama wani yaro na kuka, ana rarrashinsa.

"To ki ba ni abin da ya yi datti," in ji Baba. "Gida ba ya rasa datti. Labule fa? Yaushe rabon a sauke labulen falonki?"

Ta ɗan yi tunani, sai dariya ta kuɓuce mata. "Tun da aka rataya shi."

"Barguna fa? Kafet? Rigunan kujeru?"

"Baba, za ka iya kuwa? Kayan nan da nauyi."

"Ni da na wanke zannuwan otal guda?"

A ranar ta sake yin magana a zauren waya. Mutanen da zaman gida ya ishe su kamar jira suke a ba su abin yi. Aka hau kujeru ana kwance labule, aka jawo barguna daga saman durowa, aka naɗe kafet ana saukowa da shi mutum biyu-biyu. Akawu da kansa ya sauko da nasu a kafaɗa yana atishawa, ya ce, "Baba, sannu da aiki," karo na farko da Baba ya ji muryarsa a kusa. Labulen Malama da aka tsoma a baho, ruwan ya koma kamar an dama laka. Baba ya tsaya yana kallonsa yana gangarawa kwata, ya kira mai aski ya zo ya gani.

Sai dai Malama ta fi shi gaskiya. Wanda ya wanke zannuwan otal saurayi ne, wannan kuwa tsoho ne. Bargo in ya sha ruwa nauyin mutum gare shi. Kafet sai an durƙusa an bi shi da buroshi taku bayan taku, sannan a ɗaga shi a ɗora a katanga. Bai gaya wa kowa yadda kafaɗar ke yi masa ba, amma Inna na jin nishinsa in zai sa riga. Wata rana sai ta ɗaura zani ta biyo shi tana ɗingishi. Tun da ya kama shagon ba ta taɓa yi masa aiki a ciki ba. Ta kama bakin bargo ɗaya, ya kama ɗaya, suka riƙa murɗawa ruwa na zuba a ƙafafunsu.

"Ka huta yanzu? Ga datti nan ka samu," ta ce tana haki.

"Murɗa dai, Innar yara."

"Mutum a ba shi sauƙi ya ce shi wuya yake so. Ban taɓa ganin irinka ba."

Haka suka yi makonni, ita tana zaginsa yana murmushi. Daga baya ya sha faɗa wa 'yarsa cewa bai taɓa gajiya irin ta lokacin ba, kuma bai taɓa barci mai daɗi irin na lokacin ba.

Kafet ɗin injiniya ne ya ƙarasa shi. Ya ɗago shi jiƙe zai ɗora a katanga, sai ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama, hannun ya sake. Ya zauna a ƙasa cikin ruwa, bai yi ƙara ba. Mai aski da akawu ne suka ɗaga shi. Mai kemis ya ɗaure hannun ya rataye masa a wuya, ya ce wannan sai asibiti. Da aka samu aka kai shi, likita ya ce jijiya ce ta yage, kuma a shekarunsa ba lalle ta koma yadda take ba. Sauran kayan da ke jiƙe, matan layin ne suka zo suka ɗauraye, kowa ta kwashi nata.

Kafin a kwance masa hannu an janye gangunan bakin titi. Babura suka dawo da ƙararsu, yara suka koma makaranta, gidan wanki mai gilasai ya sake buɗewa har da rangwame. Mutane ba su yi butulci ba, komawa harkokinsu kawai suka yi. Wanda zai fita da sassafe ya dawo bayan faɗuwar rana, abin da ke kan hanyarsa shi yake yi. Zauren waya ya koma na cigiya da tallan kaya. Mai aski bai kai labari ba, don bashin da ya taru masa a watannin nan ya fi ƙarfin kawunan layi ɗaya. Ya sayar da kujerarsa da madubi, ya kwashe iyalinsa zuwa wajen wani wansa. Ranar da zai tafi ya zo ya yi wa Baba aski na ƙarshe a bakin ƙofa, kuma a ranar bai yi surutu ba.

Baba ya sake buɗewa, amma guga kawai, wanki ya gagara. Ya koyi riƙe dutse da hagu, karin ba ya fita yadda yake so, yana sane. Malama ba ta daina ba. Ta sayi ƙaramin injin wanki, tana wankewa a sama ta sauko masa da su ya goge, har ranar da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka tashi. Matar mai kemis da wasu gidaje kaɗan su ma suka riƙe shi. Da su ya ƙara ja har wajen shekara biyu, yana buɗewa da safe ya rufe da rana, duk da yanzu ba doka ce ta sa shi ba.

'Yarsa ce ta matsa. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce, "Baba, don Allah ka bari haka. Abin da kake samu bai kai wahalar ba. Ni da Yaya za mu riƙe ku." Yakan ce to, sai ya ga ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wani ya kama. Sai ranar da dutsen ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi dab da ƙafarsa, ya tsaya yana kallonsa a ƙasa, ya ga ko sha'awar sunkuyawa ya ɗauka ba ya yi. A ranar ya aika wa mai benen cewa zai tashi.

Wata mata mai ɗinki ce ta karɓi lungun. Ta ce ba ta buƙatar teburin, kekenta za ta sa a wurin. Da aka zo fitar da shi sai ya ƙi fita. Aka karkata shi, aka kifa shi, aka cire ƙyauren ƙofa, duk a banza. Sannan Baba ya tuna a ciki kafinta ya haɗa shi tun farko. Dole aka kira wani kafinta da zarto. Baba ya tsaya a waje yana kallo ana yanke ƙafafun, ana fito da su ɗaya-ɗaya ana jinginawa a bango.

"Baba, katakon nan mai kyau ne, a kai maka gida?" in ji kafintan.

"Ka riƙe."

Ya miƙa wa mai ɗinki makulli, ya nuna mata inda rufin ke yoyo in an yi ruwa da yawa, ya ce ta kula da kanta wajen miƙewa. Ta yi godiya, ta ce ya riƙa leƙowa. Ya ce to.

Hantsi bai gama yi ba ya isa gida. Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faranti, ta ɗago ta dube shi.

"An gama?"

"An gama."

Ta matsa masa a tabarma. Ya zauna, ya cire takalmi, ya jingina da bango. Ta fara ba shi labarin maƙwabciyarsu da ta yi faɗa da mai kawo ruwa, tana kwaikwayon muryar kowa. Ba ta kai rabi ba ta waiga ta ga ya yi barci a zaune, baki a buɗe. Ta jawo matashi ta tura masa a bayan kafaɗar, ta ci gaba da tsintar wakenta.